Ba kowane mafarki ake kai wa mai fassara ba

Ƙannena na Makka da Jidda, wata ɗabi'a ta shigo mana da ba za a yi shiru a kanta ba. Mutum ya farka, ko alwala bai yi ba, sai ya jawo waya ya tura saƙon murya: "Malam, na ga kaza da kaza a mafarki, mece ce fassararsa?" Wasu har riyal suke tura wa masu fassara na TikTok, mutanen da ba su san su ba, ba su san wa ya karantar da su ba.

Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da kuma abin da mutum ya wuni yana saƙawa a ransa. A ganina, yawancin abin da muke kaiwa fassara na ukun nan ne. Wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ya wuni yana waige-waige a titin Shari' Mansur na Makka don tsoron kamu, in ya ga ana bin sa da gudu cikin barci, wace fassara yake nema? Wanda ya shekara da shekaru bai ga mahaifiyarsa a Kano ko Damagaram ba, ai dole ta zo masa da dare. Ka kira ta, ka aika mata abin cefane. Balle wanda ya cika cikinsa da mandi, shinkafa da naman Larabawa, ƙarfe ɗayan dare ya kwanta.

Na Shaiɗan kuwa an riga an ba mu maganinsa: ka yi tofi sau uku ta hagu, ka nemi tsari, ka juya kwanciya, in ka so ka tashi ka yi salla, kada ka faɗa wa kowa. Wani ya ce wa Annabi (SAW) ya yi mafarki an sare masa kai, sai ya hana shi ba da labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi. Mu kuwa fa? Yarinya ta ga gwaggonta ta miƙa mata abinci a mafarki, kafin azahar an yanke cewa sammu ne, an daina gaisawa, an toshe lambar waya. Tsakani da Allah, wane alƙali zai karɓi wannan shaida? Zumuncin da aka ce kada a yanke shi ake yankewa a kan abin da aka ce kada ma a faɗa.

Mafarkin ƙwarai gaskiya ne, yanki ɗaya ne daga yanki 46 na annabta. Shi ya sa yake da nauyi, ba a baza shi a dandali. Annabi Yaƙub ya hana Yusuf ya faɗa wa 'yan'uwansa na jini. An tambayi Imamu Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, ya ce shin da annabta ake wasa? Sayyidina Abubakar da kansa ya fassara wani mafarki a gaban Annabi (SAW), aka ce masa ya dace a wani ɓangare, ya kuskure a wani. An kuma ruwaito cewa mutum biyu sun zo wa Ibn Sirin, shahararren mai fassara mafarki wanda ya rasu a Basra a shekara ta 110 bayan Hijira, kowanne ya ga yana kiran salla. Ya yi wa ɗaya albishir da hajji, ɗayan ya danganta shi da sata, saboda ya dubi halin kowanne. To wanda bai taɓa ganin fuskarka ba, me ya duba?

Masu istihara su ma su ji: ba sharaɗi ba ne sai ka yi mafarki. Kada ka fasa auren 'yar mutane don ka ga baƙin kare.

Mafarki ba ya kafa hukunci. Kiran sallar da Abdullahi bin Zaid ya gani a barci bai zama shari'a ba sai da Annabi (SAW) ya tabbatar da shi. Ku tambayi dattawanmu na unguwar Misfala a Makka abin da ya faru ranar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamban 1979. Juhaiman al-Utaibi da jama'arsa suka rufe ƙofofin Harami da bindigogi bayan sallar asuba, suna cewa Muhammad al-Ƙahɗani ne Mahdi, kuma cikin hujjojinsu har da mafarkan da suka ce mutanensu sun yi ta gani. Kusan mako biyu ana harbe-harbe a ɗakin Allah. An kashe Ƙahɗanin a cikin faɗan, shi kuma Juhaiman aka zartar masa da hukuncin kisa a watan Janairun 1980.