Sabon injin sauti ba ya karanta takardar kiɗa da kansa

Duk sa'ad da aka fitar da sabon injin sauti, sai masu rubuta kiɗa a kwamfuta su yi ca a kansa, kowa na sa ran da ya sauke shi kiɗansa zai yi daɗi. Kwana biyu kuma sai ƙorafi: goge ya yi shiru, ƙaho na ihu a inda aka rubuta a sassauta. Ra'ayina shi ne, yawancin wannan ba laifin injin ba ne. Matsalar tana kan gadar da ke tsakaninsa da manhajar rubutu, kuma wannan gadar ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Manhaja irin Dorico, Sibelius ko MuseScore aikinta rubutu ne. Sautin yana fitowa daga wani inji daban, kamar HALion Sonic na Steinberg, ko Kontakt na Native Instruments, ko Muse Sounds da ya zo tare da MuseScore 4 a Disamban 2022. Injin yana riƙe da dubban gutsattsarin sauti da aka naɗa daga kayan kiɗa na gaske, kowane amo a matakan ƙarfi daban-daban. Inji irin HALion Sonic ko Kontakt bai san me ake nufi da pizz. (tsinkar tsirkiya da yatsa) ko legato (haɗa amo ba yankewa) ba. Abin da yake ji kawai saƙon MIDI ne, wato umarnin kiɗa cikin lambobi: lambar amo, ƙarfin bugu daga 0 zuwa 127, da lambobin sarrafawa. Mai yi wa manhaja da inji tafinta shi ne abin da Dorico ke kira Expression Map, wato taswirar salo. In injin ya sabunta taswira ta tsaya a ta da, kurma da bebe ka haɗa.

Ga wanda ya fi cin lokacin mutane. Yawancin ɗakunan sauti, wato tarin gutsattsarin da inji ke kunnawa, suna canza salo ne da wani amo na can ƙasa wanda ba a jin sa: ka taɓa shi, goge ya bar ja da baka ya koma tsinka da yatsa. To kamfanoni ba su daidaita kan sunan amo ba. Amo mai lamba 60 Kontakt na kiran sa C3, wasu kuwa C4. Saboda haka C0 a tsarin Kontakt lamba 24 ce, a ɗaya tsarin lamba 12. Ka kwafi sunan daga littafin bayani ba ka duba tsarin ba, umarninka ya faɗi ƙasa da tsani goma sha biyu, salo ya ƙi canzawa, ko kuma ka ji wani gurnani a ƙarƙashin kiɗan. Maganin mai sauƙi ne: yi aiki da lamba, ka bar suna.

Sai batun ƙarfin sauti. Gajerun amo galibi ƙarfin bugu ke juya su, dogaye kuwa lambar sarrafawa ta CC1, wani lokaci tare da CC11, waɗanda ake iya canzawa amo na tafiya. Dalilin a fili yake. Ƙarfin bugu sau ɗaya ake aika shi, a farkon amo. In ka rubuta wa sarewa amo mai tsawon ƙirga takwas da alamar ya riƙa ƙaruwa, taswira kuma ta ce ƙarfin bugu, za ka ji shi a miƙe sambal daga farko har ƙarshe. Nan ne mutane ke cewa sabon injin ba shi da rai, alhali ba a taɓa gaya masa ya yi numfashi ba.

Wani abin da ba a cika sani ba: tsohon fayil yana ajiye da yanayin injin da aka yi shi da shi. Sabuntawa ba ta shiga cikinsa da kanta. A Dorico sai ka shiga Play, ka buɗe Playback Template, ka sake ɗora tsarin. Amma a kula, yin haka yana share kayan sautin da ka zaɓa da hannu. Don haka fara yin kwafin fayil ɗin, ka fitar da sautin tsohon a matsayin fayil ɗin sauti na WAV domin kwatance, sannan ka gwada a kan kwafin. Kuma don Allah kada a sabunta ana tsakiyar aikin da ake jira. A gama, a miƙa, sannan a taɓa inji. Wanda ya goge tsohon ɗakin sauti don samun wuri a faifai, tsofaffin fayilolinsa za su buɗe suna neman abin da babu.

Ƙaƙas-ƙaƙas da yankewar sauti kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Injin yana ɗora kan kowane gutsure a RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, ragowar yana janyowa daga faifai yayin da kiɗa ke tafiya, don haka a ajiye ɗakin sauti a SSD, wato faifai mai sauri. Sannan a ƙara girman buffer, wato ɗan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar; in ya yi girma yankewa na raguwa, jinkiri kuma na ƙaruwa. A saurin sauti na 48 kHz, buffer mai girman 128 jinkirinsa bai kai milisakan 3 ba, 1024 kuwa kusan 21. Mai buga piyano kai tsaye zai ji bambancin, amma mai rubutu da ke danna kunnawa ya saurara ba abin da ya rage shi da shi. NotePerformer ma, wani injin sauti, da gangan yake jinkirta daƙiƙa ɗaya, don ya leƙa abin da ke gaba ya tsara jimlar kiɗan.

Gwajin da nake ba da shawara bayan kowace sabuntawa ɗan fayil ne mai gaɓa goma sha shida: dogon amo ɗaya mai ƙaruwa daga pp (a hankali sosai) zuwa ff (da ƙarfi sosai), gajeru takwas a jere, canji daga arco (ja da baka) zuwa pizz. da komawa, sai amo mafi ƙasa da mafi sama na kowane kayan kiɗa. Kunna shi a tsohon inji, kunna shi a sabo, da lasifikar kunne. In pizz. ya ƙi komawa arco, duba ko taswirar tana da shigarwar salon asali, wanda Dorico ke kira Natural, domin ita ce ke mayar da goge kan bakansa.