Wai sai mai A B C D ne wayayye?

To, ni ma na kalli bidiyon nan, don Allah a daina turo mini shi. Mutum ya sha kwat, ya gyara zama gaban makirufo, ya ce wai duk al'ummar da ba ta rubutu da A B C D tana nan a zamanin zane-zane, kuma wai da Sinawa sun yar da "zanen kajin nan nasu" da sun fi haka ci gaba. Sun fi haka! Sannu masani. Kuma aka samu masu tafa masa a ƙasa, har da masu cewa "gaskiya ɗaci gare ta". Wace gaskiya?

Babu rubutun da ya fi wani. Rubutu dabara ce ta kama magana a ajiye, kuma kowace al'umma ta ɗinka nata ne daidai jikin harshenta, yadda tela ke gwada mutum kafin ya yanka yadi. Harsuna kuwa ba gininsu ɗaya ba.

Ɗauki Sinancin da yake yi wa dariya. Gaɓoɓin Mandarin, babban harshen Sinawa, ba su da yawa, kusan 400 ne in an cire karin sauti, don haka kalmomi barkatai suna fita da sauti iri ɗaya. Rubutunsu yana ba kowace gaɓa mai ma'ana alamarta, ido ya raba abin da kunne zai iya cakuɗawa. Sannan mai jin Kantonis na kudancin Sin da mai jin Mandarin, waɗanda in sun buɗe baki ba sa fahimtar juna, za su iya karanta jarida ɗaya. Ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya, ka ce ta jefar da abin da ya ɗaure ta wuri guda tun zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000, saboda kai ya yi maka kama da zane? Eh, sai yaro ya haddace alamomi kusan 3,000 kafin ya karanta jarida a sake. Suna haddacewa. Sun ma sauƙaƙa alamomin a 1956, suka fito da pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan boko, a 1958 don koyar da furuci, yau da shi suke bugawa a waya, alamar ta fito. Sun ari haruffan boko sun sa su aikin da suke so, nasu kuma yana nan daram.

Larabci fa? Baƙaƙe 28, gajerun wasula galibi ba a rubuta su, shi ne ya ce wai "rubutun da bai ƙarasa ba". Harshen da ke gina kalmominsa a kan baƙaƙe uku, wasula suna shiga suna fita bisa ƙa'ida, mai harshen yana ganin baƙaƙen ya san me ake nufi. Inda ake tsoron kuskure, kamar karatun Alƙur'ani, ai an sa fataha da kisira da rufu'a, aikin da ake jingina farkonsa ga Abul Aswad ad-Du'ali, Khalil ibn Ahmad ya gyara shi. Ibrananci ma haka yake tafiya. Tsari ne, malam, da gangan aka yi shi.

Ga abin dariyar: A B C D ɗin da yake taƙama da su, da Larabcin da yake rainawa, kakansu ɗaya. Finikiyawa, 'yan kasuwar gaɓar tekun Labanon, su ke da baƙaƙe 22 babu wasali. Girkawa suka ara, suka mai da wasu baƙaƙen wasula saboda harshensu ba zai karantu ba sai da su, daga nan ya bi ta Italiya ya isa ga Romawa. Ɗaya reshen ya bi ta Aramiyanci da Nabatiyawa ya haifi rubutun Larabci. Kowa ya ari abu ya gyara shi daidai bakinsa.

Shi kansa bokon, wa ya ce ya yi wa masu shi daidai? Ingilishi na da sautuka kusan 44, haruffa 26. Je ka dubi though, through, tough, ƙarshensu ɗaya a takarda, furucinsu uku. Bafaranshe zai jera haruffa uku, e a u, don ya ce "o". Mutanen Biyetnam sai da suka ɗora alama kan alama kafin bokon ya ɗauki karin sautinsu guda shida. Mu nan sai da aka yi wa b da d da k lanƙwasa, kuma har gobe bokonmu ba ya nuna dogon wasali balle karin sauti, da sanin harshe muke cike gurbin, daidai abin da ake zagin Larabci a kai.

Na san abin da za ku rubuto: "Ai Turkiyya ta koma boko a 1928 ta ci gaba." Na ji. Turkanci na da wasula takwas, rubutun Larabci ya yi masa ƙunci, wato maganata kuka maimaita. Kuma shugabansu Ataturk bai canza haruffa ya koma ya kwanta ba, makarantun yaƙi da jahilci aka buɗe ko'ina, manya da yara. Ku haɗa da cewa yau Baturke na iya tsayawa gaban kabarin kakan kakansa ya kasa karanta abin da ke jikin dutsen. Masu cewa "ai duk duniya boko ake yi" kuwa, ku tambayi yadda aka yi. A 1562 wani limamin kirista ɗan Sifaniya, Diego de Landa, ya tara littattafan mutanen Maya na Meziko ya cinna musu wuta, yau guda huɗu kacal suka rage. Haka wasu haruffan suka "yi nasara". Da jirgin ruwa da bindiga da injin ɗab'i suka yaɗu.

In ma gasar hikima za a yi, Koriya za a duba. A 1443 Sarki Sejong ya sa aka ƙirƙiri Hangul don talaka ya samu abin da zai iya koya cikin kwanaki. Siffar baƙaƙen kwaikwayon baki ce da harshe lokacin furta su, a tara su gida-gida, kowane gida gaɓa ɗaya, yau haruffa 24 ne. Japan kuma rubutu iri uku take haɗawa a jimla ɗaya, kanji da hiragana da katakana, ban ga ya hana su ƙera Toyota ba. Habasha na da nata, kowane baƙi da siffofi bakwai bisa wasalin da ya biyo shi.

Wallahi ba don shi nake wannan dogon rubutun ba. Yaran da za su kalli bidiyon nan nake ji, su tashi suna ganin ajami ko Tifinagh na Buzaye abin kunya ne. Ba za su taɓa jin cewa Sarki Njoya na Bamum a Kamaru ya ƙirƙiri rubutunsa wajen 1896 ba, ko Solomana Kante da ya fito da rubutun N'Ko don harsunan Mandinka a 1949, ko wa da ƙani 'yan Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, da suka zana Adlam don Fulatanci a 1989 suna yara, yanzu ga shi a cikin wayoyi. Mutanen nan sun saurari harshensu ne suka ga haruffan aro ba su kama shi duka ba. Wannan ai shi ne ilimi.

Af, tunda maganar rubutu ake: ku masu turo saƙon murya na minti tara don tambaya ɗaya, me muka yi muku? Tun wajen shekara 3,200 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Uruk, a ƙasar Iraƙi ta yau, suke danna kara a jikin laka don kada lissafi ya ɓace, kai an ba ka allon bugawa a tafin hannunka, sai ka fara da gyaran murya da "ina fatan kana ji na". Ba na ji. Ka rubuta, da ko wane haruffa ka iya.