Rumfar Inna da wasiƙar hukuma

Santimita 30 ne suka jawo mini wasiƙa daga hukuma, tsawon rular 'yan firamare ke nan.

Inna ce ta zo mana daga Gombe ganin jariri, a garin da muke zaune a arewacin Ingila. Gidajen nan a jere suke, bango ɗaya ya haɗa ka da na dama, ɗaya da na hagu, kowa da 'yar farfajiyarsa a baya, siririya doguwa, an kewaye ta da shingen katako da bai fi tsayin mutum ba. Ciyawa ce a ciki, sai igiyar shanya da manyan bokitan shara kala-kala. Ruwansu kuma bai san damina ba bai san rani ba, yayyafi ne da kan yi kwana uku yana tsiyaya. Kullum na dawo aiki sai in tarar da Inna a bakin ƙofar kicin da carbinta tana leƙen sama. Na ce bari in yi mata rumfa.

Na samo kafinta, muka kafa dirkoki huɗu a jikin shinge, muka rufa da kwanon roba mai haske, irin wanda rana ke ratsawa. Don ruwa ya sami gangara muka ɗaga gefe ɗaya ya kai mita 2.8. Mako uku Inna tana shimfiɗa dardumarta a ciki, tana ɓarar gyaɗa tana sauraron rediyo. Sai ga wasiƙar hukuma a ambulan.

Wai wani ya kai ƙorafi. Ashe a Ingila, in rumfarka ba ta yi nisan mita 2 da iyakar maƙwabci ba, tsayinta ba zai wuce mita 2.5 ba sai da izini. Ba ka rufe fiye da rabin filin da ke kewaye da gidan, kuma ko dandamalin katako ka yi, in ya haura santimita 30 daga ƙasa sai ka nema. Ma'aikacin ya zo da tef ɗinsa, sai da ya goge takalmi kafin ya shigo, ya auna yana ta ba ni haƙuri. Ko in rage tsayi, ko in cika takarda in biya kuɗin neman izini, a ba maƙwabta kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, in jira hukunci kamar mako 8. Kafin nan bizar Inna ta ƙare. Na kira kafinta muka datse dirkokin.

Ban ce tsarinsu banza ba ne. Tun dokar tsara gine-gine ta 1947 suke a kansa, kuma ba ka ganin shago ya cinye titi. Mu kuwa mun ga yadda ake toshe magudanar ruwa da gini, ga kwazazzabai na cin unguwanni a Gombe, ga jan fentin hukuma a bango kowa na wucewa kamar ado. Wannan kam laifinmu ne.

Amma masu cewa ba mu da doka ina suka taso? Wa ya isa ya karkata indararonsa ya zuba a gidan wani, ko ya huda taga tana leƙen tsakar gidan maƙwabci? Kafin magini ya sauko daga kan katanga an zo an yi maka sallama: "Malam, wannan ruwan ina ya nufa?" In ta ƙi, a je wurin mai unguwa bayan La'asar, a gama kafin Magariba, gobe ku haɗu a sahu ɗaya.

A nan hukuma ba ta faɗin sunan mai ƙorafi, amma gida ɗaya ne tagarsa ke kallon rumfar. Matar da muke karɓar wa saƙo in ba ta nan ce, wadda Inna ta aika wa da dambun nama satin da ta iso. Da na yi wa Inna bayani ta yi shiru, can ta ce, "To ita baiwar Allah ba ta san hanyar ƙofarmu ba ne?" Har yau muna gaisawa da matar, tana murmushi tana zancen sanyi.

Daren nan na kira Yaya, ina ba shi labari muna dariya, na ce ai rumfar Baba da ke ƙofar gidanmu a Jekadafari ta fi shekara 30 babu wanda ya taɓa auna ta. Rumfar langa-langa ce a kan dakali, nan dattawan layin ke cin tuwon dare, kowa da kwanon gidansa, mu yara muna jiran ragowa. Sai Yaya ya ce, "Wace rumfa? Ai tun bara muka cire ta, shaguna biyu muka fitar a wurin. Ban gaya maka ba?"

Bai gaya mini ba. Na tambaye shi dattawan fa, ya ce mutum biyu suka rage, kuma ɗaya ba ya fitowa.