Takardar bayan sirinji ba tsumulmular kamfani ba ce

A kantunan magani na Jidda da Makka, 'yan uwanmu kan ga sirinji a ƙunshe, gefe ɗaya leda, ɗayan takarda, su ce kamfani ya tsuke hannu. Ba haka ba ne. Injin masana'anta yakan lotsa leda, ya saka sirinjin, ya manne takardar da zafi, amma har lokacin ba a kashe ƙwayoyin cuta ba. Sai an rufe ake kai kwalayen wani ɗaki a sakar musu iskar etilin oksaid (EO), wata iska mai kashe ƙwayoyin cuta. Iskar na ratsa takardar, ƙwayar cuta kuwa ba ta wucewa. Ma'anar alamar EO da ke jikin ƙunshin ke nan. In takardar ta jiƙe ko ta yage, don Allah kada a yi wa kowa allura da shi.