Leda, takarda ko jakar yadi: lissafin Turai bai leƙa magudanan ruwanmu ba

Duk wanda ya saba zuwa cefane ya san yadda abin yake. Mai tumatir ya ƙulla maka nasa a leda, mai attaruhu ya ƙulla nasa daban, mai manja ya ninka biyu don kada ya tsiyaye, sannan wani yaro ya biyo ka da babbar baƙar leda ka saya ka zuba su duka a ciki. Kafin ka isa gida kana riƙe da leda bakwai ko takwas, kuma kafin a sauke tukunya duk sun tafi bola. Shi ya sa da zarar an tayar da maganar hana leda sai a ji mutane suna cewa a koma takarda ko jakar yadi, kamar dai an riga an gama shari'ar. A ganina ba a gama ba, domin binciken da aka yi a kan waɗannan jakunkuna uku ya zo da abin da mutane da yawa ba su zata ba.

A shekarar 2011 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da rahoton da ya bi kowace irin jaka tun daga kayan da aka yi ta da su har zuwa ranar da aka yar da ita. Ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai aka ga cewa siririyar leda ce ta fi sauran sauƙin illa idan sau ɗaya za a yi amfani da kowacce. Jakar takarda sai an maimaita ta sau 3 kafin ta kamo ledar, jakar roba mai kama da yadi sau 11, ita kuwa ta auduga sau 131. A 2018 hukumar muhalli ta Denmark ta faɗaɗa ma'aunin, ta haɗa da ruwan da ake ƙararwa da sinadaran da ake saki, sai adadin jakar auduga ya haura zuwa sau 7,100.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Leda ba ta da nauyi, kayan da ke shiga cikinta kaɗan ne. Takarda kuwa sai an sare itace, an dafa shi da sinadarai da ruwa mai yawa, kuma ta fi leda nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka safararta ta fi cin mai. Auduga ta fi su duka ƙishirwa da buƙatar feshi, abin da manomin Funtua ko Gusau ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa. Tekun Aral da ke tsakanin Uzbekistan da Kazakistan ya ƙafe ne galibi saboda an karkatar da kogunan da ke shayar da shi zuwa gonakin auduga. Wani abin mamakin ma shi ne, injiniyan Sweden ɗin da ya ƙirƙiro ledar da muka sani a shekarun 1960, Sten Gustaf Thulin, ya yi ta ne a zamanin da takarda ce ke cin dazuzzuka.

To, ke nan leda ta yi nasara? A nan ne nake ganin masu kawo waɗannan alƙaluma don kare leda suke yin kure. Binciken na Denmark ya ɗauka cewa kowace jaka za ta shiga kwandon shara, mota ta zo ta kwashe, a kai ta masana'antar da ke ƙona shara ana samar da wuta, kuma bai saka ledar da aka yar a titi cikin lissafi ba. Wannan daidai ne ga Kofanhegen, babban birnin Denmark. A Kano ko Maraɗi ko Kumasi kuwa, ledar da aka yar a titi ita ce ainihin zancen.

Ku tsaya bakin kwalbati bayan ruwan farko na damina ku ga abin da matasan unguwa ke tsamowa da shebur da manjagara: leda ce dunƙule da taɓo, ta toshe hanya, ruwan ya kwanta ya zama gidan sauro ko ya juya ya shiga gidajen mutane. Bangladesh, wadda ta riga kowace ƙasa hana siririyar leda a 2002, ta yi hakan ne bayan ta gano irin rawar da toshewar magudanan ruwa ta taka a ambaliyar da ta sha fama da ita. A Accra, ambaliyar 3 ga Yunin 2015 da gobarar gidan man da ta biyo ta sun kashe mutane kusan 150, kuma an ɗora wani kaso na laifin a kan magudanan da shara ta cushe. Ku tambayi mahauci abin da yake tararwa idan ya farka tumbin tunkiyar da ta yi kiwon cikin gari. Sau da yawa curin leda ne mai tauri kamar igiya, wanda ya sa dabbar ta yi ta ramewa mai ita yana ta sayen dusa a banza. Manoman karkarar Kano da suka gaji al'adar kai sharar birni gona a matsayin taki, yanzu sai sun bi kunya-kunya suna tsince leda. A gidaje da yawa kuma da leda ake hura gawayi, uwar gida da yaran da ke kusa da murhu suna shaƙar wannan hayaƙin. Ko 'yan jari-bola, da ba sa barin ƙarfe ko robar bokiti ta kwana a juji, ba su cika kula siririyar leda ba, domin sai ka tara buhu guda ba ka sami nauyin kirki a sikeli ba.

Ta wannan fuska takarda ta fi, tunda ruwa na dukanta ta ruɓe. Amma ban ga hikimar mayar da ita madadin leda a kasuwanninmu ba. Mafi yawan takardar da Najeriya ke amfani da ita daga waje ake shigo da ita, kuma ba za ta riƙe ɗanyen nama ko markaɗe ko manja ba, balle a yi maganar maimaita ta sau 3. Inda take da amfani, wato busassun kaya irin su ƙosai da tsire da burodi, can ma dama ana amfani da ita. Haka nan jakar audugar da ake rabawa a tarukan bita, an buga mata tambari, kowa ya tara biyar ko shida a ɗaki ba ya fita da ko ɗaya: wannan ba ta rage komai ba, ƙari ma ta yi.

Abin da alƙaluman ke nunawa, idan aka karanta su da idon nan gida, shi ne yawan maimaitawa ya fi irin kayan da aka yi jakar da shi muhimmanci. Jakar da aka ɗinka da tsohon buhun shinkafa ba ta ci sabon abu ba sai zare da ladan tela, kuma za ta yi wata da watanni tana zuwa kasuwa. Kwando da jakar kaba da kwanon zuwa sayen koko, waɗanda iyayenmu suka yi rayuwa da su kafin leda ta zama kyauta, suna cikin wannan sahu.

Kalmar kyauta ita ce nake so hukumomi su duba. Ruwanda ta hana leda a 2008 kuma ta riƙe dokar da gaske. Kenya ta bi sahu a 2017 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 4, tituna suka yi sauƙi, sai dai kasuwanni sun cika da jakunkunan roba marasa ƙwari da ake yarwa kamar ledar da suka gada. Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma wanda ya shiga kasuwa a Yamai ko Damagaram ya san leda ba ta je ko'ina ba. Legas ta hana kwanukan soso na zuba abinci a farkon 2024, ta fara tilasta hana sauran robobin amfani sau ɗaya a Yulin 2025. Ireland kuwa ba ta hana ba, harajin santi 15 na kuɗin yuro ta ɗora wa kowace leda a 2002, amfani da ita ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Na san kasuwar Rimi ba babban kanti ba ce mai na'urar lissafi, kuma babu jami'in da zai tsaya kan mai tumatir yana ƙirga leda. Saboda haka wurin da ya dace a ɗora harajin shi ne bakin masana'anta da bakin iyaka, tare da ƙayyade kaurin ledar da za a yarda a sayar, yadda mai tebur zai fara tambayar mai saye ko ya zo da abin zubawa. Ledar fiyawata ce wannan tsarin ba zai taɓa ba, domin wanda ke sayenta ba jaka yake nema ba, ruwan sha yake nema, kuma famfon unguwarsu ya daɗe bai kawo ba.