Motar roka ba ta da ido

Jiya da daddare a teburin mai shayi a Wunti wani matashi ya miƙo min waya, wai in kalli bidiyon nan da ake ta yaɗawa na motar harba roka mai suna HIMARS tana ɓarin wuta. Ya ce, "Yaya, wallahi da za a kawo mana huɗu a girke a Alkaleri, mako guda an gama da 'yan bindiga." Har da dattawa masu gyaɗa kai. Na dawo gida raina a ɓace, na buɗe Facebook, na tarar zancen ke nan a ko'ina.

Jama'a, motar nan ba ta da ido!

Ban raina ta ba. Kamfanin Lockheed Martin na Amurka ne ke ƙera ta, a kan babbar mota mai taya shida, sojoji uku ke sarrafa ta. Roka shida take ɗauka a akwati guda, kowace tana cin kilomita 70 ko fiye. Da gangan aka rage mata nauyi, don a cusa ta cikin jirgin C-130 a sauke ta inda abu ya ɓaci, ta harba, ta bar wurin kafin a mayar mata da martani. Yayarta M270 mai ƙafar tanka roka 12 take ɗauka, amma ba ta da wannan saurin. A Yukren kuwa, tun 2022, ta yi wa Rasha ɓarna a rumbunan harsasai da gadar da ta haye kogin Dnipro a Kherson.

To amma ku lura da abin da ta daka. Gada ba ta gudu. Rumbun harsashi ba ya hawa babur. Lambobin wuri ake shigar wa rokar, tauraron ɗan'adam ya jagorance ta, ta faɗi daidai inda aka ce. In an ba ta sansanin da aka tashi tun da asuba, ƙasa za ta tona. In an ba ta rugar da mata ke daka, nan za ta sauka, ba za ta tsaya tambaya ba. Wa zai ba ta lambobin? Wa ya gani da idonsa? Tambayar da ba wanda ya yi jiya ke nan.

Mun manta Tudun Biri ne? Ranar 3 ga Disamba 2023 mutane na taron Mauludi bam ya sauko musu, aƙalla 85 suka rasu. Mun manta Rann a Janairun 2017, sansanin 'yan gudun hijira? Makamin ya faɗi inda aka nuna masa, mai nunawar ne bai tantance ba. Allah Ya jiƙan su. Ni duk lokacin da na tuna, jikina sanyi yake yi.

Wani zai ce sai a haɗa ta da jirgi mara matuƙi ya riƙa leƙo mata. Malam, a Tudun Biri ai shi ne ya yi aikin. Wani ya ce ƙararta kaɗai za ta kore su. A 2021 aka kawo jiragen Super Tucano 12, an fasa satar mutane? Ga kuɗi: roka ɗaya ta haura dala dubu 100, a harba wa mutum uku da ke kan babur ɗaya cikin daji. Kuma ba manyan bindigogi muka rasa ba, nan garin Bauchi akwai birged ta 33 ta atilare.

Je ka tambayi manomi a Duguri ko Gwana me ake nufi da kai ɗauki cikin gaggawa. Zai ce maka a samu sabis ya kira, a samu mai ɗagawa, mota ta iso da mai a cikinta kafin gari ya waye, sannan wanda ya tsegunta labari kada sunansa ya koma daji. Wannan shi ne idon. In babu shi, ko ɗari aka sayo ba abin da za su tsinana.

Su kuma masu ɗora wa bidiyon yaƙi kiɗa suna turawa, ku ji tsoron Allah. Ƙanena mai shekara 12 na kama yana kallon irinsa bayan sallar isha'i yana tafi, kamar an ci ƙwallo. Na karɓe wayar, har yanzu tana aljihuna.