Wuƙar gwangwani a hanyar Tabalak

Ranar Lahadi muka taso daga Tabalak da ɗanyar karfasa ta jikka biyu, wai sai mun isa Tawa a soya. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe, direba ya tafi neman mai faci. Rana ta take, kifi ya fara sauya ƙamshi. In ba a fitar da kayan ciki ba, asara ce. Wuƙa kuwa babu. Na ce ku bar mini.

Marfin gwangwanin sardin na tsinta. Ana naɗe rabinsa sau biyu ya zama mariƙi, a ɗaure da tsumma, don wannan gefen ya fi son yatsa. Sai a sami dutse mai kaushi, a jiƙa shi, a kwantar da bakin har ya kusa mannewa da dutsen, a goga kamar sau talatin. In ka ji ɗan ƙarfe ya taso ta baya, ka juya ka share shi. Ka miƙe shi tsaye, dakusar da shi kake. Fasasshiyar kwalba ta fi kaifi, amma ɓarɓashinta na maƙalewa cikin nama.

Duk wannan da ƙarfi nake faɗa, kamar mai wa'azi, wani tsoho makiyayi ya dogara da sandarsa yana kallo.

Abin da na manta, ƙarfen gwangwani laushi gare shi. Ta dubura ake soke kifi a ja zuwa kai. Ni kuwa ta kan ɓawo na danna. Baki ya lanƙwashe, kifi ya suɓuce, ya bugi ƙirjin farar shaddata, ya gangara har cinya, ya faɗa rairayi. Na kai hannu, ya sake suɓucewa. Mataccen kifi fa!

Ƙanin matata, da muke tafiya tare, bai ko riƙe mini wutsiya ba. Waya ya ɗaga, yana cewa "Yaya, maimaita wajen sau talatin ɗin."

Sai tsohon ya zaro wuƙa daga kube.

"Baba, ashe da wuƙa?"

"Ɗana, ai na ga kana koyarwa, shi ya sa ban katse ka ba."

Ya feɗe su duka, ya ɗauki biyu. Shaddar tana wajen mai wanki tun Litinin.